Ta ina za a fara koya wa yaran Jos girkin gidansu da aikin hannu?

Maman Biyu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Yaran da ke tasowa yanzu a Jos, da yawansu in ka ce su faɗi abincin gidansu sai su ce taliyar leda da ƙwai. Kakanni daga Kano ko Zazzau ko Bauchi, maƙwabta Birom da Afizere da Anaguta, amma yaro bai iya bambance miyar gidansu da ta kasuwa ba. Ta ina ake farawa, da wane girki, a wace shekara? Kuma mene ne rawar ƙwarya da tukunyar ƙasa da kiɗa a wannan tarbiyya? Bayani nake so dalla-dalla, don Allah.

Inna Mai Daddawa, Gangare:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da miyar kuka, don a nan hannun kowane gida yake fitowa. Kukar ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne dakan kayan ƙamshi. Wani gida citta ce ke rinjaye, wani masoro, wani kuma ba ya yarda da kanumfari ko ɗaya. Wannan ma'aunin shi za ki ba yarinya tun tana shekara 7 ko 8: ta zauna gaban turmi, ta ƙirga da hannunta, ta shinshina kafin daka da bayan daka.

Ga tukunyar mutum shida: ruwa kofi 6, daddawa ƙwaya 3, busasshen kifi ko ƙashi mai ɓargo, albasa ɗaya, barkono daidai bakin gidan. A bari daddawar ta nuna sosai, kamar minti 30, har warinta ya koma ƙamshi. Sannan a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka cokali 5 zuwa 6 da hannun hagu, dama tana kaɗawa da maburgi. Wadda ta juye kukar gaba ɗaya za ta sha gudaji. Wadda ta rufe tukunya ta bar ta tana tafasa, miyar za ta yi baƙi ta tsinke. Minti 5 ya isa, sai soyayyen man shanu a kai. A kasuwa ki zaɓi kuka kore shar. Mai launin ƙasa a rana aka shanya ta ko ta tsufa, ba ta da yauƙin kirki.

In kuna son yin daddawa da kanku, ku san Jos ba Kano ba ce. Bayan an dafa kalwa wuni guda, an surfe ta an wanke, an sake dafawa, ana rufe ta a kwando da ganye tun da zafinta. A gari mai zafi kwana 2 zuwa 3 ta ruɓa yadda ake so. Nan kuwa a lokacin hunturu sanyi kan tsayar da ita, ta fito da tauri babu danƙo. A naɗe kwandon da buhu biyu ko tsohon bargo, a ajiye kusa da murhu, kada a yi ta buɗewa ana leƙe.

Yaya ta Farin Gada:
Inna ta faɗi gaskiya, sai dai ina da ƙari. Yaron da aka haifa a Jos ba ɗan Kano ba ne da ya yi ɓatan hanya. Acca da dankalin turawa da kabeji nasa ne, kuma gwaten da ya sha a gidan maƙwabta yana cikin abin da ya gina shi. In aka ce abincin gida tuwo da kuka ne kaɗai, an yanke masa rabin kansa.

Gwaten acca ba wuya, wahalarsa ɗaya ce: yashi. Ƙwayar acca ƙanana ce ƙwarai, kusan girmanta ɗaya da yashin da ke cikinta, don haka sai an rege ta da ƙwarya biyu, ana karkatawa a hankali accar na bin ruwa, yashin na kwantawa a ƙasa. Sau 4 ko 5, har sai an shafa gindin ƙwarya ba a ji ƙaras-ƙaras ba. A roba mai santsi yashin kan bi accar ya wuce. Wannan aikin ya dace da ɗan shekara 10, mace ko namiji.

Acca gwangwanin madara 2 na son ruwa wajen lita biyu da rabi. A fara dafa ƙashi da wake kaɗan, a sa jajjagen attarugu da albasa da daddawa da gauta. In wake ya yi laushi a zuba acca ana juyawa, a bi da dakakkiyar gyaɗa rabin gwangwani. Alayyafo da yakuwa su ne na ƙarshe, kuma alayyafo ya ninka yakuwa sau uku, in ba haka ba tsami ya kashe komai. A sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, don acca na ci gaba da shan ruwa. Wanda ya yi kauri a wuta, kafin a zuba wa yara ya zama tuwo.

Malam Mai Tukwane, Naraguta:
Hajiya, game da kayan hannu, ki kai su gidan tarihi na Jos kafin ki saya musu komai. An buɗe shi a 1952, akwai tukwane na ƙabilu daban-daban na ƙasar nan, da kawunan yumɓu na mutanen Nok na zamanin da, waɗanda aka fara tonowa a wuraren haƙar kuza. A gefensa akwai gine-ginen gargajiya, har da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya. Sannan ki ciro naira 20 ki nuna musu bayanta: Ladi Kwali ce ke ginin tukunya, mace 'yar Gwari da hannunta ya kai ta har kan kuɗin ƙasa. Yaron da ya ga haka ba zai raina tukunyar kakarsa ba.

Wajen saye, a ƙwanƙwasa tukunya da yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Sabuwa ba a ɗora mata miya kai tsaye. A jiƙa ta kwana guda, ta bushe, a shafe cikinta da man gyaɗa, a dafa ruwan koko ko na tsaki a ƙaramar wuta don ya toshe ƙananan ramukanta. Abin da ya fi fasa tukwane shi ne zuba ruwan sanyi tana da zafi, da ɗora ta kan gas a buɗe wuta gaba ɗaya. Kada a jiƙa ta da sabulu, yumɓu na riƙe warinsa.

Sabuwar ƙwarya kuma ɗaci gare ta. A kankare cikinta, a jiƙa da ƙasari ko ruwan dusa kwana 2 zuwa 3 ana canza ruwan. Zanen bayanta da wuƙa mai zafi ake yi, wannan na manya ne, amma yaro zai iya fitar da zanen da fensir, babba ya bi da wuƙa. A ba kowane yaro tasa.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Saura kiɗan, Inna.

Inna Mai Daddawa:
Kiɗan ma a madafi yake, 'yata. Lugude kiɗa ne: mutum biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a gurbinta, wadda ta yi gaggawa sai taɓare su haɗu. A fara da mutum biyu da dakan da ba ya tsalle, kamar gero jiƙaƙƙe. Sai kiɗan ƙwarya irin na amada: a cika baho da ruwa zuwa rabi, a kifa ƙwarya a kai, a buga da ƙananan sanduna biyu. In aka ɗan ɗaga gefenta iska ta ƙaru ko ta ragu a ciki, muryar sai ta canza. A kifa wata a kan tabarma ko matashi don ƙaramar murya. Maza kuma a nuna musu kuntigi, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi: gwangwani ne aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Fatar ana ɗaura ta da danshi, a bar ta ta bushe a inuwa ta ɗame da kanta. In aka kai ta bakin wuta don sauri, yagewa take yi.