Shawara kan rage tsawon bututun bindigar farauta

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Remington 700 mai cin harsashin .308 wadda nake farautar barewa da ita a nan Amurka, kuma bututunta mai inci 24 yana yawan maƙalewa a rassa idan na shiga kurmi. Ina so a rage shi, amma ina tsoron kada saitinta ya lalace. Wane tsawo kuke ganin ya dace, kuma wa zan kai wa?

Dattijon zaure: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka fara sanin doka kafin ka nemi maƙeri. Dokar tarayya ta ware irin wannan bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba, ko wadda tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, a rukunin da sai an yi rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, wasu jihohin ma sun haramta ta ɗungurungum. Ana yin awon daga fuskar sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi ta bayan bututu, tana rufe har zuwa bakin bututun. Ni a ganina inci 20 ya ishe ka.

Wani maharbi: Na goyi bayan Baba. Harsashin .308 yana ƙone albarushinsa da wuri, shi ya sa ba ya asarar gudu mai yawa, kimanin ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa kan kowane inci, abin da barewar da ke tazarar yadi 150 ba za ta ji bambancinsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne gyaran baki bayan yanka. Na taɓa ba wani mai ƙaramin shago tawa, da na karɓo sai harsasai suka riƙa warwatsewa a allon gwaji. Da wani maƙerin ya haska bakin da fitila ya miƙo mini gilashin ƙara girma, na ga ɗan tsinin ƙarfe kamar ƙayar kifi a gefe guda. Iskar da ke biye da harsashi tana riga fita ta ɓangare ɗaya, sai ta ture gindinsa. Sai da aka sake ɗora bututun a injin sassaƙar ƙarfe kafin ta dawo hayyacinta.

Mai tambaya: Allah ya kyauta. To, ko in sayi sabon bututu kawai?

Dattijon zaure: Idan zanen cikin bututunka, wanda ke sa harsashi juyawa, bai cinye ba, kada ka ɓarnatar da kuɗinka. Idan kuwa ya cinye, kamfanonin ƙera bututu Krieger da Bartlein na jihar Wisconsin sun yi suna, sai dai ana jira. Wajen saka sabon bututu ne aikin yake da haɗari, domin dole tazarar da ke tsakanin sakata da mazaunin harsashi ta zauna daidai, in ta yi yawa kwanson harsashi na iya fashewa kusa da fuskarka. Ka nemi maƙeri mai lasisin tarayya, ka roƙe shi ya gwada ma'aunan tazarar guda biyu a gabanka, wanda sakata za ta rufe a kansa da wanda za ta ƙi rufewa.

Wani maharbi: Ka kuma tanadi abin toshe kunne mai kyau, domin ƙarar za ta ƙaru, sannan sai ka sake daidaita madubin saiti da irin harsashin da za ka fita da shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a inci 20, kuma zan kai ta tun yanzu kafin maƙera su cika da aikin kakar farauta.