Ɗana ya tambaye ni gwarzon Yankees, na rasa amsa

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah a yi mini dariya kaɗan-kaɗan.

Shekarata 14 a Bronx, cikin birnin New York, ina tuƙin tasi. Filin wasan Yankees, kulob ɗin besbol, da ke titi na 161 na wuce ta gabansa ya fi a ƙirga, ranar wasa ma gudun unguwar nake saboda cunkoso, amma ban taɓa leƙa ciki ba. Hular nan mai NY kuwa tun ina Kano nake sa ta. A gwanjon Ƙofar Wambai na fara saye, a zatona tambarin gari ne kawai.

To jiya Sadik, ɗan shekara 12, ya dawo da aikin makaranta. Malamarsu ta ce kowa ya zaɓi ɗan wasan da ya fi kowa a tarihin Yankees, ya tsaya gaban aji ya kare zaɓinsa minti biyar, sannan a yi masa tambayoyi. Muna cin tuwo ya ce, "Baba, kai wa ka zaɓa?" Na yi ta juya loma a cikin miya. Sai ya dubi hular da ke kaina ya ce, "Ko mutum ɗaya ba ka sani ba?" Ba da raini ya faɗa ba, shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai. Da Kano Pillars ce ko Arsenal, da sai ya gaji da ji.

Yau na tambayi mutum biyu, kowa da tasa. Maƙwabcina ɗan Dominika ya ce Mariano Rivera. Wani tsohon Bature da na kai asibiti ya ce Mickey Mantle, har idonsa ya kawo ruwa. Shi kuma Sadik Aaron Judge yake so. Wa zan ce masa ya ɗauka? Saura kwana goma.

Alhaji na Kumasi:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, kar ka wahalar da yaro. Babe Ruth. In ana babbakar giwa wa ke jin ƙaurin zomo?

Kafin Ruth ya zo, Yankees ba su taɓa ɗaukar komai ba. Boston Red Sox ne suka sayar musu da shi a ƙarshen 1919. A besbol akwai bugun da ake kira hom-ron, wato ka ɗirka wa ƙwallo gora ta tsallake katanga, ka zagaye fili a tsanake ba mai tare ka. A kakar 1920 Ruth shi kaɗai ya buga 54. A rukuninsu na American League babu wani kulob ɗin da 'yan wasansa duka, in an haɗa, suka kai haka. Ka ɗauka ɗan gaba guda ya fi kowane kulob a Firimiya cin ƙwallo. A 1927 ya buga 60, kuma ya yi ritaya da 714. Jama'ar da ke tururuwa kallonsa ce ta sa tsohon filin da aka buɗe a 1923 ake masa kirari da gidan da Ruth ya gina.

Sannan mutumin nan da jifa ya fara, kuma a Boston yana cikin gwanayen masu jifa. Kamar a ce gola ya ajiye safar hannu ya koma gaba ya fi kowa. Su kuwa Boston da suka sayar da shi, daga 1918 ba su sake ganin kofi ba sai 2004. Shekara 86. In Sadik ya ba da wannan labarin kaɗai ya ci.

Maman Iman:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma na yi shekaru ina taimaka wa yara da aikin makaranta a nan, kuma ina gaya muku rabin ajin Ruth za su ɗauka, tambaya guda kuma za ta kayar da su: da wa ya yi wasa?

A zamanin Ruth ba a barin baƙar fata ya shiga babbar gasar. Sai 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge a Brooklyn Dodgers, lokacin Ruth ya daɗe da ajiye gora. Su Yankees ɗin ma sun ja ƙafa, sai 1955 suka sa baƙar fata na farko, Elston Howard. Gwanaye irin su Josh Gibson da Satchel Paige suna can a gasar baƙaƙe lokacin da Ruth ke tashe. Ba laifinsa ba ne, amma wanda ya yi kokawa an hana rabin ƙartin gari shiga fage, dole a tambayi kambunsa. Ajin su Sadik kuma na tabbata yawanci 'ya'yan baƙaƙe ne da 'yan Latin. Wani zai tayar da maganar.

Baban Sadik, ni shawarata kar ka zaɓa masa. Malamar ba sunan take nema ba, hujja take son ji. Ka zaunar da shi ya fara yanke mudun da zai auna da shi. Wanda ya fi sauya wasan ne? To Ruth. Wanda ya fi tara kofi? Wannan Yogi Berra ne, 10 daga cikin 27 da kulob ɗin ke da su. In ya faɗi mudunsa a jimlar farko, duk wanda ya taso masa sai ya fara da mudun.

Ɗan Maraɗi:
Ni dai gani ya kori ji. Ruth a hoto baƙi da fari muka san shi, Rivera kuwa da idona na gani. Maƙwabcinka ya yi gaskiya.

Aikinsa shi ne jifa, a kira shi a zagaye na tara, wato na ƙarshe, lokacin da ake gaba da ci ɗaya ko biyu kowa zuciyarsa na dukan uku-uku, ya rufe wasa. Ya yi haka sau 652, ba wanda ya kai shi. Abin mamakin, kusan jifa iri ɗaya yake yi. Mai bugu ya san abin da ke zuwa, 'yan kallo sun sani, mai sayar da gyaɗa ma ya sani, amma ƙwallon sai ta zo daf ta goce, gora ta karye a hannun mutum. A 2019 da aka zo zaɓen shiga zauren gwarzaye na Cooperstown, duk masu ƙuri'a 425 suka zaɓe shi. Ba a taɓa yi wa kowa haka ba, har Ruth. Ɗan masunci ne daga wani ƙauyen bakin teku a Panama, ya zo ƙasar nan ba ya jin Turanci. Wannan ai labarinmu ne, Sadik zai faɗe shi da zuciya ɗaya.

Alhaji na Kumasi:
Ɗan Maraɗi, mutumin da ke shigowa zagaye ɗaya cikin tara? Wasu sun yi noma tun safe, shi ya zo ɗaure dami. Kuma ka manta 2001, wasa na bakwai da Arizona, wanda ke yanke mai ɗaukar kofi, a hannunsa kofi ya suɓuce. Ina wurin aiki a daren, rediyo na kusa jefarwa.

Ɗan Maraɗi:
Sau ɗaya, Alhaji! Shi ya sa ma kake tunawa.

Auwalu Fagge:
Ikon Allah. Ina nan Kano ina karantawa, hular tana kaina yanzu haka. Ashe kulob nake goyon baya ban sani ba.

Malam Habu Harlem:
Ba wanda ya ambaci Lou Gehrig, kuma ni shi nake girmamawa. Wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba, da ciwo da karayar yatsa. Abin da ya tsayar da shi cutar jijiya ce mai shanye jiki, wadda har yau a Amurka da sunansa ake kiranta. Ranar 4 ga Yuli 1939 ya tsaya a tsakiyar fili ya yi ban kwana, yana gode wa mutane maimakon kuka da halinsa, ya rasu a 1941 yana da shekara 37. Lambar rigarsa 4 ita ce ta farko da aka jingine a tarihin gasar, wato ba wanda zai sake sa ta a kulob ɗin. Ban ce ya fi Ruth bugu ba. Amma ɗa nake reno ni ma, na san wanda zan so ya yi koyi da shi.

Tsohon da ya ce maka Mantle kuma, ƙuruciyarsa yake tunawa. Mantle na bugu da dama da hagu, ya yi hom-ron 536 da gwiwar da ta lalace tun 1951. Kowa gwarzon da ya gani yana yaro ne gwarzonsa, kamar yadda iyayenmu ba sa jin kira in an taɓa Pele.

Ummi 'yar Kwaleji:
Kawu, a nan aka haife ni, bari in faɗa muku yadda ajin zai kasance. In Sadik ya ce Judge, zai kawo 62 ɗin da ya buga a 2022, wanda ya wuce tarihin hom-ron 61 da Roger Maris ya kafa a American League. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce kofi nawa ya ɗauka? Shiru. Sun je wasan ƙarshe a 2024 Dodgers suka doke su. A Yankees kuwa da kofi ake magana. In ɗan zamani yake so ya ɗauki Derek Jeter, kyaftin, kofi biyar.

Kuma Kawu, ka kai shi filin mana. A bayan katangar tsakiya akwai wurin da ake kira Monument Park, duk lambobin da aka jingine suna jere: 2 Jeter, 3 Ruth, 4 Gehrig, 5 DiMaggio, 7 Mantle, har 42 ta Rivera. Da tikitin wasa ake shiga, amma ana rufewa kafin a fara, sai ku je da wuri. Jirgin ƙasa mai lamba 4 zai sauke ku a bakin ƙofa, ka bar tasin a gida.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na karanta masa duka, ina fassara inda Hausarsa ta gaza. Maganar Maman Iman ce ta kama shi, ya sa na maimaita sunan Elston Howard ya rubuta a bayan littafinsa.

Ya ce mudunsa shi ne wanda za ka miƙa wa ƙwallo in wasa ɗaya ya rage maka a duniya, don haka Rivera ya ɗauka. Na ce to Alhaji zai tambaye ka 2001. Ya ce zai faɗa da bakinsa tun kafin a tambaya. Alhaji, ka yi haƙuri, na yi iya ƙoƙarina a kan Ruth, har na kwaikwayi muryarka.

Ummi, na sayi tikiti biyu na ranar Asabar, can sama inda ya fi araha. Tambaya ɗaya ta rage: wasan nan awa nawa yake ci? Ina so in san ko za mu sami la'asar a gida.