Waɗanda suka nemi makarantar likitanci a Amurka ko Ingila, ta yaya kuka zaɓi inda za ku tura?

Ummu_Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce za ta nemi makarantar likitanci a Amurka zagaye mai zuwa, sakamakon MCAT ɗinta, wato jarrabawar shiga makarantar likitanci, ya fito ta samu 510, makin digirinta ma ba laifi, amma jerin makarantun da ta rubuto min duk manya ne, irin su Harvard da Johns Hopkins da Stanford, wai idan za ta kashe kuɗi gara ta kashe a kan inda take so. Ni kuma hankalina bai kwanta ba wallahi. Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanyar ku faɗa mana yadda kuka tsara naku, da abin da kuka gani da idonku.

Dan_Likita:
Wa alaikumus salam Anti. Abu na farko ki ce ta sayi MSAR, kundin da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke fitarwa a intanet, a ciki kowace makaranta ta nuna matsakaicin makin waɗanda ta ɗauka da kuma 'yan jiha nawa ta kira intabiyu, 'yan waje nawa. MCAT daga 472 yake zuwa 528, kuma matsakaicin waɗanda ke shiga makarantun MD, wato masu ba da digirin likita da aka saba da shi, wajen 511 ne zuwa 512, to 510 maki ne mai kyau amma waɗancan da ta lissafo matsakaicinsu ya kai 520 ko kusa da haka. Ni yadda na yi, na fara da duk makarantun jihar da nake zaune, su ne ginshiƙin jerin, sannan na cika da waɗanda makina ya faɗa tsakiyar nasu, sai na ƙara uku ko huɗu na buri don kar raina ya yi ta cewa da na gwada. Kiran intabiyu da na samu kusan duk daga rukunin farko da na biyu ya zo, na burin nan shiru kake ji har aka rufe zagaye.

Hauwa_K:
Abin da Yaya Dan_Likita ya faɗa kan jiha shi ne ya fi komai a wajena, don mutane na kallon maki kawai su manta da wannan. Makarantun gwamnatin jiha da kuɗin harajin jihar ake tafiyar da su, saboda haka 'ya'yansu suke fara dubawa. A Texas doka ce ma ta taƙaita 'yan waje kada su wuce kashi 10 cikin ɗari, kuma tsarin nemansu daban ne, TMDSAS ake bi, ba AMCAS da yawancin sauran makarantun MD ke amfani da shi ba. Jami'ar Washington kuma tana da yarjejeniya da jihohin Wyoming, Alaska, Montana da Idaho, idan ba daga can kike ba ƙofar a matse take sosai komai kyan makinki. Ni a Texas nake, shi ya sa nauyin jerina ya karkata gida, ƙawata da muka yi karatu tare makinta ya fi nawa amma ita 'yar California ce inda masu nema suka yi yawa, dole ta baza komarta zuwa makarantun kuɗi na wasu jihohin, jerinta ya kusa ninka nawa. Ku duba fa, aji ɗaya muka zauna amma abin da ya dace da ni bai dace da ita ba.

Ummu_Sultan:
To ita ƙanwata girin kad gare ta, wato takardar zaman dindindin a Amurka, ba ta da matsala ta nan ko?

Hauwa_K:
Ba ta da ita Anti, mai girin kad da ɗan ƙasa kusan ɗaya ake kallonsu. Wanda ke kan bizar ɗalibi ne yake shan wahala, makarantu kaɗan ne ke karɓarsa, wasu kuma sai ya nuna shaidar kuɗin karatun tun kafin ya fara.

Abban_Noor:
Ni abin da zan ƙara, a cire tunanin cewa akwai makarantar da ta zama tabbas. A likitanci babu wannan, duk shekara waɗanda ke samun gurbi a makarantun MD ba su kai rabin masu nema ba. Akwai wasu makarantun kuɗi a manyan birane da matsakaicin makinsu bai yi sama sosai ba, sai kowa ya ce ai wannan mai sauƙi ce, kowa ya tura, ka ga takardu sama da 10,000 a kan kujerun da ba su wuce ɗari biyu da wani abu ba. Na saka irinsu a jerina kuma babu wadda ta kira ni, alhali wata ƙaramar makaranta da ke neman masu son aiki a karkara ta kira ni da wuri saboda na daɗe ina aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti a ƙauye kuma na rubuta labarin a takardata. A intabiyun ma kusan duk hirar a kan wannan aikin ta tsaya, ba wanda ya tambaye ni maki.

Don haka ta karanta manufar kowace makaranta da kyau. Howard da Meharry da Morehouse an san su da hidima ga baƙaƙen fata da al'ummomin da ba su samun kulawar lafiya sosai, wasu kuma bincike ne ransu, idan ba ka taɓa shiga ɗakin gwaji ba da wuya su waiwaye ka.

Zee_Manchester:
Mu nan Ingila lissafin ya fi tsauri don zaɓi huɗu kacal UCAS, tsarin neman shiga jami'a a nan, ke ba ka na likitanci, na biyar sai wani kwas daban, kuma 15 ga Oktoba ake rufewa. To da yake ana rubuta UCAT, jarrabawar tantance masu neman likitanci, kafin a tura, ka riga ka san makinka, sai ka bi makarantun ɗaya bayan ɗaya ka ga me kowacce ta fi ba nauyi. Wasu UCAT suke jerawa daga sama su yanke, wasu sakamakon GCSE, jarrabawar sakandare, suka fi dubawa, wasu kuma idan ka faɗa mataki na 4, mafi ƙasa, a sashen UCAT na hukunci kan yanayi ba za su ma buɗe takardarka ba. Nawa UCAT ɗin matsakaici ne amma GCSE ɗina ya yi kyau sosai, sai na zuba uku a inda ake ƙirga GCSE, ɗaya na sa inda zuciyata ke so. Ukun nan ne suka kira ni.

Dan_Likita:
Anti akwai kuma maganar yawa, kar ta ji an ce a baza sai ta tura 40. Bayan fom ɗin farko kowace makaranta za ta aiko da nata tambayoyin, da kuɗinta daban wasu har dala ɗari ko fiye, kuma duk a lokaci guda suke zubowa wajen Yuli, kana buɗe imel ka ga biyar sun shigo kafin ka gama ɗaya, ga shi yawancinsu wanda ya riga kammalawa ake fara dubawa, kujeru na cika a hankali. Na ga wanda ya biya kuɗin makarantu da yawa a fom ɗin farko amma ya kasa amsa rabinsu, kuɗin ya tafi a banza. Wajen 20 zuwa 25 da za ta iya rubuta wa da natsuwa ya fi. Idan kuɗi ne matsala ta duba shirin tallafin AAMC, yana ɗauke kuɗin tura wa makarantu har 20 kuma yana ba da MSAR kyauta, amma a nema tun kafin a fara biya.

Malam_Sadiq_DO:
Ba wanda ya ambaci DO, ɗaya digirin likitan da ake bayarwa a Amurka ban da MD, to bari in shigo. Ni can na yi, ta AACOMAS ake nema, kuma tun 2020 tsari ɗaya ne ke tantance horon ƙwarewa na MD da DO, asibiti ɗaya muke aiki, magani ɗaya muke rubutawa. Gaskiya a wasu fannoni masu tsananin gasa kamar cututtukan fata ko tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan MD ya fi samun sauƙi, ba zan ɓoye ba. Amma mai 510 idan ta ƙara DO huɗu ko biyar ta rage haɗarin zaman shekara guda tana jira. Sharaɗin kawai kada ta sa makarantar da ta san ko an ɗauke ta ba za ta je ba, domin wanda ya ƙi gurbi ya dawo nema badi sai ya sha tambaya a kan dalili.

Ummu_Sultan:
Allah ya saka da alheri, na tura mata duka. Malam Sadiq ta ce in tambaye ka, su DO ɗin suna buƙatar wasiƙar shaida daga likitan DO ne dole, ko ta likitan MD da ta bi a asibiti ma ta wadatar?

Malam_Sadiq_DO:
Ya danganta da makarantar Hajiya, da yawa suna karɓar ta MD amma sun fi son ta DO, wasu kuma sun rubuta ƙarara abin da suke so a shafinsu. Ta duba kowacce tun yanzu, idan akwai likitan DO kusa da ita ta nemi ya bari ta riƙa binsa a asibiti kafin Mayu, lokacin da ake buɗe fom.