Neman shawara: kwamfutoci uku a kan layin ISDN, allo na tafiyar hawainiya

Ɗan Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan gyaran mota a Ingila. Sabarmu ta Linux, wato babbar kwamfutar da manhajojinmu ke gudana a kanta, tana babban ofis, muna kuma da ma'aji a ƙauye inda kwamfutoci uku marasa ƙarfi suke jawo allonsu daga sabar ta X11, tsarin da ke nuna tagogin manhaja a allo. Layin da ke can ISDN ne kawai, tsohon layin waya na dijital. Ma'aikaci zai danna maɓalli ya zauna yana jiran taga ta buɗe, har rubutu ma sai ya biyo bayan yatsa. Na haɗe tashoshin layin guda biyu, na sa ssh -X -C (umarnin da ke jawo allon daga sabar a matse), sauƙin kaɗan ne. Don Allah me zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafi. ISDN irin naku tashoshi biyu ne masu kilobit 64 kowacce, in ka haɗe su 128, wato kilobait 16 a daƙiƙa, mutum uku kuma ke rabawa. Hoton allo ɗaya na 1024 da 768 cike da launi ya haura megabait 2, in ba a matse shi ba sai ya ci fiye da minti biyu. Amma ba nan ne babban ciwon ba. An gina X, tushen X11, a jami'ar MIT ta Amurka tun 1984 don kwamfutocin da ke kusa da juna. Manhaja takan yi wa allo tambaya ta tsaya cak sai amsa ta dawo, sannan ta sake wata, kafin taga ɗaya ta buɗe an yi wannan kai-komon sau barkatai. Matsewar -C tana rage nauyin kayan, ba ta rage yawan zuwa da dawowa. Shi ya sa ka ga sauƙi kaɗan.

Malam Na-Gaya: A da akwai LBX, wani ƙari a kan X mai rage nauyin abin da ke bin layi, don irin wannan aka yi shi.

Injiniya: Malam, an yi shi kam, ya zo da sigar X11R6.3 a 1996, amma an daɗe da watsar da shi. Keith Packard, wanda yana cikin masu ƙera shi, ya gwada ya ga bai fi ssh mai matsewa ba. Kada yaron nan ya ɓata lokacinsa.

Hajiya: Ɗana, sa X2Go, manhajar jawo allo daga nesa. Yana kan fasahar NX ta kamfanin NoMachine: yana ajiye abin da aka riga aka aiko a gefen ma'aji, yana kuma amsa yawancin tambayoyin nan a gefen sabar ba tare da sun hau layi ba. A saitinsa akwai ma'aunin gudun layi, MODEM, ISDN, ADSL, WAN, LAN. Ja shi zuwa ISDN. Ka rage launi, ka cire hoton bango, ka kashe sauti da raba faifai. A tsarin fuskar allo ka ba su XFCE ko MATE, GNOME na yanzu ba ya shiri da shi. In ma manhajar lissafin kaya kaɗai suke buƙata, ita kaɗai za ka buɗe musu. Wani abin da nake so: in layi ya katse, aikin na nan a sabar, su dawo su ci gaba daga inda suka tsaya. Da ssh -X kuwa manhajar mutuwa take yi.

Ɗan Funtuwa: Na gode Hajiya. Firefox fa? Suna duba farashi da shi.

Hajiya: Wannan kam kada ya bi ta sabar. Hoto yake zubowa, zai toshe wa sauran biyun hanya. In kwamfutocin za su iya, ya gudana a kansu.

Malam Na-Gaya: Ka kuma duba takardar kuɗin waya, haɗa tashoshi biyu kira biyu ake lissafa shi. Sannan ka sanar da maigidanka cewa kamfanin waya na BT ya sa Janairun 2027 don rufe tsoffin layukan waya har da ISDN, ya fara tambayar ko 4G na kamawa a ma'ajin.