Murya ta ƙi daidaita a ordinatar ta shago

Baban Hadiza, Wadata: Salamu alaikum ƴan zaure, shawara nake nema. Ordinatar ta shagona irin ta tebur ce, Windows 10 ke kanta. In na sa tafsiri a VLC sai na kai kunne jikin bafil kafin in ji abin da malam ke faɗi. In na ƙara murya na manta, na buɗe YouTube, sai ka ce sono na gidan biki. Jiya wata baiwar Allah da ta zo buga takardu zabura ta yi har jakarta ta faɗi. Bafil ɗin ne suka gaji?

Ɗan Tawa: Wa alaikumus salam. Kawu, ka leƙa Katako ka sayi wasu mana, ka huta.

Mai Gyara, Bukoki: A'a, Alhaji, riƙe kuɗinka. Bafil da ya lalace ba ya zaɓen wanda zai yi wa ƙara. Tunda YouTube na fita da ƙarfi, lafiyarsu lau. Tun zamanin Windows Vista kowace manhaja da nata ma'aunin murya. Ka bar tafsirin yana tafiya, ka danna hoton lasifikar nan da ke kusa da agogo da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Ouvrir le mélangeur de volume". Za ka ga sanduna a jere, ta bafil daban, ta VLC daban, ta Chrome da kake buɗe YouTube a ciki daban. Manhajar da ba a buɗe ba, ba za ta fito a nan ba, shi ya sa na ce ka bar shi kunne. Kuma Windows na riƙe inda aka bar kowace sanda, ko kuran ya ɗauke ya dawo.

Mai Gyara, Bukoki: Na manta, VLC na da nasa ma'aunin a ƙasa ta dama, YouTube ma haka. Ƙofa uku ke nan muryar ke bi kafin ta iso kunnenka, ɗaya in an saya ta, shi ke nan.

Malama, Yantala: Baban Hadiza, ka duba wani wuri kuma. Ni tawa, da kira ya shigo ta intanet sai duk abin da nake saurare ya nutse. Na daɗe ina zargin kas ɗina, har na canza shi a banza. Ashe da gangan Windows ke yi, yana rage sauran muryoyi da kashi 80 cikin 100 don a ji mai kira. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga "Communications", ka zaɓi "Ne rien faire". Akwai na kashi 50 ga mai so.

Baban Hadiza, Wadata: Allah ya saka da alheri. Mai Gyara, ka canka. Sandar VLC a 15 na tarar da ita, ta Chrome a 100. Aikin yaran nan ne da ke kallon fim in na tafi masallaci. Na daidaita su. Sai dai har yanzu tsofaffin karatuttukan da aka kwafo mini daga kaset ba su kai sababbin ƙarfi ba.

Ɗan Tawa: To ka ja na VLC har 125, yana wuce 100 ai.

Mai Gyara, Bukoki: Yana wucewa, amma daga nan murya ke fara tsagewa. Wannan kuma daga ɗauka ne, Alhaji, tun can aka naɗe su ƙasa-ƙasa. A cikin mmsys.cpl ɗin nan, danna bafil sau biyu, ka nemi "Améliorations". Akwai akwatin da sunansa ya fara da "Égalisation", shi ke ɗaga mai rauni ya danne mai ƙarfi. Ba kowace na'ura ke da shi ba, ya danganta da katin sautin da ke ciki.

Mai Sono, Talaje: Yayana, nan kam ban bi ka ba. Abin nan in ya ɗaga muryar malam, tare da shuuu ɗin kaset yake ɗagawa, da malam ya yi shiru sai ka ji kamar ana ruwa a kan kwano. Waƙa kuwa duk ya baje ta. Ni a wurin aiki MP3Gain nake sawa, kyauta ne. Ka zuba masa fayilolin gaba ɗaya, ya auna kowanne ya kai su mizani guda, 89 yake zuwa da shi, kuma ba ya sake naɗar sautin balle ya rage masa kyau. MP3 kawai zan ba da shaida a kai. In wani iri ne, sai manhajar gyaran sauti ta Audacity.

Mai Gyara, Bukoki: Na yarda, ga tafsiri naka ya fi. Amma ya ajiye kwafi a kile tukuna.

Baban Hadiza, Wadata: Duka MP3 ne, na watan azumi uku. Mai Sono, wannan ya fi ƙarfin idona. Asabar bayan la'asar ka biyo ta shago, shayi a wuyana.

Mai Sono, Talaje: In sha Allahu, Alhaji. A sa na'ana'a.