Masu shuka ciyawar asali a bayan gida a Amurka, ya kuka ƙare?

Bakanuwa a Ayowa: Assalamu alaikum. Bara na kankare ciyawar ado a bayan gidanmu, wurin bai fi faɗin tabarma goma ba, na watsa irin dogayen ciyayin da suka rufe yankin nan kafin zuwan garmar ƙarfe. A Ayowa abin da ya rage na asali bai kai ɗaya cikin dubu ba. Shekara ta zagayo, ban ga komai ba sai ciyawar banza, maigida har tsiya yake min. Wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Maraɗi a Kansas: Hajiya, don Allah kar ki tone. Shekarar farko saiwa suke kafawa, a sama ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Ki riƙa yanke ciyawar banzan ki bar tsawon taki ɗaya kawai don rana ta sami ƙananan. Nawa sai a ta uku suka tashi. Ranar da wata ciyawa da ake kira big bluestem ta wuce kaina, ta fitar da kai mai yatsu uku kamar ƙafar talo-talo, na tsaya sororo: wannan ai gamba ce! Ashe kuwa dangi ɗaya ne, Andropogon, da wadda kakana yake saƙa zana da ita. Na fara ganinta ne a tuddan Flint Hills a nan Kansas, inda duwatsu suka hana garma shiga. Daga eka miliyan 170 da dogayen ciyayin nan suka taɓa rufewa, ƙasa da kashi 4 cikin 100 ne ya tsira, kuma akasarinsa can yake.

Maman 'yan biyu, Minisota: Wane wata kika shuka? Ni na ƙona kuɗina a watan Mayu, furannin ko ɗaya bai fito ba. Yawancin irin furannin sai sun sha sanyi da laima na kwana 30 zuwa 60 kafin su tsiro. Yanzu a Nuwamba nake watsawa, ƙanƙara ta rufe. Sau ɗaya na cuɗa irin da jiƙaƙƙen yashi na sa a firji, surukata ta ɗauka daddawa ce ta lalace, ta zubar. Milkweed dai ta kama, 'yar'uwar tumfafiya ce, har farin ruwan nan, kuma a kanta kaɗai malam-buɗe-littafi na monak ke yin ƙwai.

Baba na Ilinoi: 'Yata, ki shirya wa maƙwabta. Ni ƙarata aka kai wai na bar gida ya zama daji. Da na yi wa wurin iyaka na kafa ɗan allo, sai magana ta mutu. Wuta kuwa tana yi wa ciyayin amfani a farkon bazara, amma da izini ake yi. A cikin gari ni yankewa nake, in kwashe.

Bakanuwa a Ayowa: Na gode, Baba. Maman 'yan biyu, nima Mayu ne, wallahi. Akwai ragowar iri a kabad, zan jira Nuwamba.