Ranar da marubuci ya zo ajinmu a Jos

'Yar Gangare:
Assalamu alaikum. Waɗanda suka halarci zaman da baƙon marubucin nan ya yi da ajinmu na ƙagaggun labarai ran Asabar, kowa ya faɗi abin da ya tsinta. Ni dai har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Ina cikin karanta labarina, na zo inda na ce "Hajara ta shiga matsanancin baƙin ciki", sai ya ɗaga hannu. "Malama, me hannunta ke yi a lokacin?" Na yi tsuru-tsuru. Sai da dare na tuna yadda Innarmu ta yi ta tsintar tsakuwa a shinkafar da ta riga ta tsince, ranar da aka yi mana rasuwa. Shi na saka, na goge wancan layin.

Ɗan Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Anti, ai taki da sauƙi. Labarina a Dubai yake faruwa, alhali ko Zariya ban taɓa wucewa ba. Ya tambayi sana'ata, na ce ina taya Baba sayar da tumatir da kabeji. Ya ce to ƙarfe nawa motocin kaya ke isowa, wa ke fara taɓa kwando, yaya dillali ke magana in zai karya farashi? Na yi ta zuba kamar kanya. Da na tsagaita ya ce, "Ga littafinka nan ka bari a kasuwa."

Malama daga Anguwar Rogo:
Ni tambayata kan harshe ce, Hausa ko Turanci. Ya tuna mana gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko, da gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016. Wannan ya kwantar min da hankali. Amma batun wai sai an yi rubutu kullum bayan asuba, a nan muka raba gari. 'Ya'ya uku, ga dafa ruwan wanka a sanyin Jos, ga abin kari. Ina jin shi ana kai masa shayi har ɗaki ne. Nawa rubutun a waya nake yi, cikin Keke, tsakanin gida da makaranta.

Na Rikkos:
Cunkoson Terminus ya riƙe ni, addu'ar tashi kawai na samu. Wanda ya naɗi muryar don Allah ya turo min.